Kirsimetin da Rachael Ta Haska Fim Babu Talabijin

Idan ka shiga unguwar Kolere a Mubi kana neman gidan Rachael, ba sai ka wahalar da kowa da tambaya ba. Tsaya kawai ka kasa kunne, za ka ji ta. Shekara ashirin da ɗoriya matar nan tana magana a kan ƙarar injin niƙa, har muryarta ta saba, ko gaisuwa za ta yi maka sai ka ɗauka kiran wani take yi a ƙetaren mayo, wato kogin garin. Mutanen unguwa suna tsokanarta da cewa ba ta taɓa yin raɗa ba tun da aka haife ta, ita kuma ta ce mai raɗa ai shi ne mai abin ɓoyewa. Wannan maganar tata, ku riƙe ta, don ranarta na zuwa.

'Yar Michika ce. Aure ya kawo ta Mubi a shekarar 1991, gidan Ephraim mai gyaran rediyo da talabijin, mutum shiru-shiru wanda Allah ya haɗa da mace mai baki. Karatunta a aji uku na sakandare ya tsaya, amma Turancin da ta kwaso bai zube ba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan Tsoho mai sayar da hatsi, wanda kakanninsa suka zo daga Gusau tun zamanin da, shi kuwa ko hanyar Gusau ɗin bai sani ba. Matarsa Halimatussa'adiya ita ce aminiyar Rachael. Tare suka yi goyon fari, don haka ba wadda ke kiran sunan wata: Halima Maman Khaulat, Rachael Maman Miracle. Ta saman katangar nan gishiri ke wucewa, da garwashi, da tuwon Sallah, da shinkafar Kirsimeti, da gulmar unguwa kaf.

Sana'arta ta biyu kuwa tsautsayi ne ya kawo ta. Wani malami ya kawo wa Ephraim na'urar bidiyo gyara, aka yi masa canjin wurin aiki, bai sake waiwayarta ba. Akwai kaset maƙale a ciki. Ranar Kirsimetin 1994, bayan an taso daga coci an ci an sha, Ephraim ya kunna don gwaji. Halima ta shigo mayar da kwano, ta tsaya, ta ga wata Baturiya ta farka tana ihu tana duba kalanda.

"Maman Miracle, me ya same ta?"

"Wai jiya ta kwanta tana da shekara talatin da biyar, yau ta tashi ta koma shekara goma baya."

"Kai! To, zauna ki faɗa mini sauran."

Shi ke nan fa. Daga wannan ranar, duk Kirsimeti da misalin ƙarfe biyu, tsakar gidan Rachael sai ta cika da mata, Kirista da Musulmi, Kamwe da Gude da Fulani da Hausawa, kowa da kujerarta ko tabarmarta. Ita kuma ta tsaya gefen talabijin, hannu a ƙugu, tana mayar da fim Hausa. Ephraim ya riƙa nemo mata irin waɗannan finafinan daga Yola, tun ana kaset har aka koma faifai. Da ya rasu a 2006, ɗanta Miracle ya ci gaba da aiko mata.

Kada ka ce fassara take yi kalma da kalma. Ina! Gyara musu fim ɗin take yi. Sunayen Turawan ma ba ta wahalar da bakin kowa da su. Yarinyar fim, ko wace ce, sunanta Margret. Saurayin da ta bari a ƙauye, Edwin. Tsohon nan mai farin gemu da ke ba ta agogo ko wani ɗan abin wuya da zai mayar da ita baya, shi kuma Baba Hammanjoda. Dusar ƙanƙara idan ta fara zuba, sai ta ce, "To, an buɗe injin sama, gari na sauka." Idan kuwa Margret da Edwin suka matso kusa da juna fiye da kima, akwai tiren da ta ajiye musamman, ta ɗauka ta rufe fuskar talabijin ta ce, "Suna gaisawa. Gaisuwar tasu doguwa ce, ku yi haƙuri."

Kafin a yi shekara biyar ta gane cewa duk fim ɗaya ne, riga kawai ake sake masa. Margret tana birni, aiki ya cinye ta, ba ta da lokacin kowa. Dole wani dalili ya kai ta garinsu ana jajiberin biki. Dole ta yi wa Baba Hammanjoda rashin kunya kafin ta san ko shi wane ne. Ta farka a wata tsohuwar rana, ta gaya wa mutane, kowa ya ce zazzaɓi ne, sai ƙawa ɗaya tak da za ta yarda. Ta yi ta maimaita ranar tana ɓatawa, yau ta zubar da miya, gobe ta faɗa rami. Kuma ana ba ta wa'adi, kafin ƙararrawar coci ta buga. Rachael kan faɗi abin da zai faru tun bai faru ba, idan ya faru ta juyo ta dubi mata tana ɗaga gira, su kuwa su yi ta tafi kamar ita ta rubuta.

Abu biyu ne ke ƙona mata rai a finafinan, kuma ba ta ɓoyewa. Na farko, rashin magana. Margret ta ga Edwin da wata, ashe ƙanwarsa ce, maimakon ta tambaya sai ta kumbura ta haɗa kaya. Nan Rachael za ta buga ƙafa ta daka wa talabijin tsawa: "Ki buɗe baki ki yi magana mana, sakarya! Kalma uku ta raba wannan rigimar!" Na biyu, gudun tasha da Edwin ke yi a ƙarshen fim. "Ku dube shi don Allah. Wata guda suna gari ɗaya bai ce komai ba, sai da ta shiga jirgi zai zo yana haki kamar wanda kare ya biyo. Wallahi ni ce Margret, ko leƙowa ba zan yi ba."

Akwai kuma wata al'ada da ta ƙirƙiro. Daidai inda Margret za ta koma baya, sai ta tsayar da fim, masu sallah su yi la'asar. Idan an dawo, kafin ta kunna, sai ta bi mata ɗaya bayan ɗaya: ke, da Baba Hammanjoda zai ba ki agogon nan, wace rana za ki koma? Wata ta ce ranar da ta yarda da mijinta, don ta sake tunani. A yi dariya. Wata ta ambaci ranar da ta yi wa uwarta tsawa, a yi tsit. Halima kullum amsarta ɗaya, ranar da ta fara ɗanɗana miyar Rachael, don ta gudu tun da wuri.

Sai shekarar 2014 ta zo. A watan Satumba Michika ta faɗa hannun 'yan bindiga, mahaifiyar Rachael, Mama Salomi, ta iso Mubi da ƙafafu a kumbure, tsohuwa mai shekara kusan tamanin. Ba a yi wata biyu ba, wata Laraba da safe, aka fara jin harbi a Mubin ma. Halima ta leƙo ta katanga, mayafi a hannu, ta ce Baban Khaulat ya tafi ɗauko a-kori-kurarsa, za su bi ta kasuwa su kwashi 'ya'yansu, su dawo.

"Ki fito da Mama bakin ƙofa. Kada ki motsa. Za mu zo."

"Ina nan. Ko me za a yi, ina nan."

Ba ta nan. Wannan shi ne abin da Rachael ta haɗiye ta kasa faɗa wa kowa. Ko minti goma ba ta yi a ƙofar ba, wani abu ya fashe ta wajen barikin soja har kwanon ɗaki ya amsa. Ta ɗauko baron da take kai buhuna, ta shimfiɗa zane, ta ɗora uwarta, ta fice ta ƙofar baya ta bi ayarin masu gudu. Kwana huɗu tana tura baro, wani lokacin wasu su kama mata, har Sorau. Mutanen can suka karɓe su da kunu da tabarma. Mama Salomi ta yi kwana tara a Sorau, jikin ya ƙi, ta cika. A can aka binne ta.

Farkon Disamba, bayan sojoji sun karɓe garin, Rachael ta dawo. An ɓalle ƙofa, an kwashe talabijin da na'ura da faya-fayan shekara ashirin, an kwance kan injin niƙa. Duk wannan bai tsaya mata a rai ba kamar abin da ta gani a ƙofar Tsoho: a-kori-kurar nan a durƙushe, gilashin gaba a farfashe, ramukan harsashi uku a jikin ƙofa. Shi kansa Tsoho ta hango shi yana ɗingishi. Take zuciyarta ta ba ta labarin duka: sun zo, sun tsaya suna bubbuga ƙofa suna kiranta, ita tana can ta cika wandonta da iska, jinkirin nan ne ya sa aka rutsa da su. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Halima ta shigo ta'aziyya sau ɗaya, cikin ayarin mata, ta zauna can baya, kanta a ƙasa, ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tashi. Ba ta dubi idon Rachael ba. Rachael ta ce a ranta, ai da gaskiyarta, wa zai dubi wadda ta kusa sa a kashe masa miji? Mako uku katangar nan ko gishiri bai ƙetare ta ba. Matar da ake ji daga ƙetaren mayo ta koma idan za ta ɗebi ruwa sai ta lallaɓa, kada guga ya yi ƙara.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti, Susana maƙwabciyarsu ta kawo labari: gidan Tsoho za su koma Gusau, gaba ɗaya. Kuma wai ba shi ya so ba, Halima ce ta tsaya kai da fata, ta ce ba za ta iya zaman unguwar nan ba. Rachael ta rasa miji, ta rasa uwa, yanzu kuma za ta rasa wannan, kuma da hannunta.

Ranar Kirsimeti ba ta gayyaci kowa ba, da me za ta haska? Amma ƙarfe biyu na yi sai ga mata suna shigowa da kujerunsu. Ba su kai rabin na da ba. Wasu na Yola, wasu na Kamaru, wasu kuma sai dai addu'a. Iya Fanna, tsohuwar da ba ta taɓa fashi ba, ta zauna a wurinta na kullum ta ce, "Mun san an sace. Mu dai mun zo."

Rachael ta dube su. Ta shiga ɗaki ta jawo teburin talabijin, fayau babu komai a kai, ta ajiye shi jikin katangar gidan Tsoho. Ta ɗauko tirenta. Ta sa hannu a ƙugu.

"To, ku matso. Ga Margret nan ta fito daga ofis, waya a kunne, ko gaisuwar maigadi ba ta amsa ba."

Wallahi da ka ga matan nan, sai ka rantse akwai hoto a bangon. Ta kai Margret garinsu, ta sa motarta ta mutu a gaban shagon Edwin. Ta sa ta yi wa Baba Hammanjoda tsaki. Ta buɗe injin sama gari ya sauka. Mata suka yi dariya, dariyar da wasunsu rabonsu da ita tun Oktoba, har Susana na share hawaye da bakin zane. Aka tsaya aka yi la'asar. Da aka dawo ba ta yi tambayar nan tata ba, don ta san amsar kowa rana ɗaya ce.

Daga nan fim ya sauya hanya. Ta ɗaga murya, ta juya fuskarta sosai wajen katanga. Ta ce Margret ta farka a wata safiyar Laraba. Tana da ƙawa, wadda ta fi 'yar'uwa. Ƙawar ta ce mata tsaya a ƙofa, zan zo. Margret ta ce ina nan. Amma Margret matsoraciya ce, ta gudu ta ƙofar baya. Baba Hammanjoda ya mayar da ita ranar sau goma, sau goman nan tana jin ƙarar sai ƙafarta ta ɗauke ta. Tana so ta ce wa ƙawar ki yafe mini, bakin ya ƙi buɗuwa.

Kowa a tsakar gidan ya gane. Rachael ta tsaya tana jiran ko tari ne ta ji daga bayan katanga. Shiru.

Iya Fanna ta gyara zama ta ce, "Maman Miracle, wa kike gaya wa? Bango? Ai tun bayan azahar suka tafi tasha, motar Yola ta ƙarshe za su bi. Shekara ashirin kina zagin 'yar mutane a kan ta buɗe baki ta yi magana. Sakaryar ashe a gidan nan take."

Rachael ta saki tire ya faɗi.

Ga inda Mubi ta bambanta da garin su Margret. A kwanakin nan ba a gudu a Mubi. Mutum ɗaya ya ruga, unguwa guda za ta watse, kuma sojan da ke shinge ba zai tsaya tambayarka dalili ba. Babur an hana, Keke Napep kuwa ko ɗaya babu a hanyar Kolere ranar. Don haka gudun tashar Rachael da sauri-sauri aka yi shi, mace mai jiki, gwiwa na ciwo, cikin ankon Kirsimeti, mata goma sha biyu na biye da ita har da Iya Fanna da sandarta. Duk wanda ya zaro ido ya fara tattara kayansa, sai ta daka masa: "Lafiya lau! Ba abin da ya faru! Ƙawata zan tsayar!" A shingen sojoji suka ɗaga hannuwa sama gaba ɗayansu, suka wuce a jere. Sojan ya tambayi ina zuwa, ta ce tasha, ya ce wa ya mutu, ta ce ba wanda zai ƙara mutuwa, ɗana, matsa mini.

Suna isa aka ce musu motar ta cika, an ɗaure kaya, direba ya tayar. Motoci sun fi goma a wurin, ba ta san wacce ba ce. Sai ta tsaya tsakiyar tasha, ta cika ƙirji, ta saki muryar injin niƙa.

"MAMAN KHAULAT!"

Tattabarun kan rumfa suka tashi. Direba ya taka birki. Daga tagar baya fuskar Halima ta leƙo, ido jawur.

Rachael ta isa jikin tagar tana haki, ta riƙe ƙarfen. "Ban jira ku ba. Kin ji? Ban jira ba. Ko minti goma ban yi ba na gudu da Mama a baro. Kun zo kun tsaya nemana har aka harbi Baban Khaulat. Ni na jawo. Ki zage ni, ki tafi in za ki tafi, amma ki tafi kin sani."

Halima ta yi kasaƙe tana kallonta. "Ba ki jira ba?"

"Ban jira ba."

"Maman Miracle, ba mu zo ba." Ta fashe da kuka. "Ba mu zo ba! A kasuwa aka buɗe mana wuta, ya juya kan mota, na yi ta ihu a koma, hanya ta toshe. Wata biyu ina ganinki a zuciyata tsaye a ƙofar nan da Mama kina duban hanya. Na ce da mota ta ɗauke ta da tana raye. Da wane ido zan dube ki?"

Har mai sayar da rake sai da ya matso. Rachael ta share fuska da tafin hannu. Akwai maganar da ta riƙe tun Sorau, ta kasa isar da ita saboda isar da ita na nufin tona kanta.

"Mama ta bar miki saƙo. Tun muna hanya, tana cikin baro, ba abin da take cewa sai Allah ya sa kada yarinyar nan ta biyo ta kanmu, hanyar ba kyau. Da muka isa Sorau aka ce an ga motarku ta wuce Hong, ta ɗaga hannu ta ce to, yanzu zan iya barci. Ta ce in gaya miki kin kyauta da kika tsira da yaran."

Halima ta kifa kai a jikin kujera. Tsoho ya buɗe ƙofa ya sauko da ɗingishinsa, ya dubi yaran mota ya ce a kwance igiya. Direba ya fara faɗa, Iya Fanna ta nuna shi da sanda, ya haɗiye sauran. Tsoho ya ce shi dama Gusau ɗin nan ko wanda zai yi wa sallama bai sani ba.

A ƙafa suka koma Kolere, kowace mace da ƙullin kaya a ka, suka sake ɗaga hannu a shinge. Sojan ya ƙirga su ya ga sun ƙaru, ya girgiza kai.

Miracle ya sayo mata sabon talabijin a shekarar da ta biyo, injin niƙa ma ya tashi. Amma matan Kolere suka ce su na bango suke so, wai ya fi daɗi kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Har Kirsimetin 2017 haka aka yi, tebur fayau, tire a gefe, Halima a sahun gaba tana gyara mata inda ta manta. Har yanzu idan Margret ta kumbura ta ƙi magana, Rachael na daka mata tsawa, har ma fiye da da. Amma idan aka zo inda Edwin zai ruga tasha, ba ta ƙara zaginsa ba. Sai dai ta dubi sahun gaba, ta ce, "Ku ba shi hanya, bawan Allah. Ya makara, amma ya zo."